Yadda ake saye da sayar da sunan domen ba tare da an taka tambarin wani kamfani ba

Bayan sallar isha'i ɗan ƙanwata ya same ni a shago, nan Birnin Kebbi, ina kashe kwamfutoci. Ya gaishe ni, ya zauna a benci, ya miƙo wayarsa da hannu biyu.

"Kawu, duba wanga abu da na saye. Shina da riba ƙwarai."

Sunayen domen ne guda huɗu. Ga wanda bai saba da kalmar ba, domen shi ne adireshin da ake rubutawa idan za a shiga wani shafi a intanet, irin wanda ke ƙarewa da .com ko .ng. Biyu daga cikin nasa kalmomin Hausa ne zalla, ɗaya na albasa, ɗaya na busasshen kifi. Na ukun sunan wani kamfanin casar shinkafa ne da kowa ya sani a jihar nan, ya liƙa masa "ng" a wutsiya. Na huɗun sunan wani banki ne da aka cire wa harafi ɗaya. Shirinsa shi ne da safe ya rubuta wa manajan kamfanin shinkafar cewa sunan yana hannunsa, idan suna so su kawo naira miliyan biyu.

"Ka aika saƙon?"

"Tukuna, Kawu. Sai gobe in Allah Ya so."

Na yi hamdala a fili. Da ya aika, da shi da kansa ya rubuta shaidar da za a kama shi da ita.

Na daɗe ina gina wa 'yan kasuwa shafuka, daga dillalan taki na Jega zuwa masu makarantun kuɗi, kuma kusan kullum ni nake yi musu rajistar suna. Doka ba ta hana mutum ya sayi suna da arha ya sayar da tsada ba. Kamfanin Verisign mai riƙe da .com ya fara karɓar dala 10.26 a shekara daga dillalan rajista a watan Satumba na 2024, su kuma su ɗora ribarsu, amma a 2019 an sayar da voice.com a kan dala miliyan 30. Irin wannan labari ne ke jan yaranmu. Abin da masu bidiyon koyar da sana'ar ba su cika tsayawa a kai ba shi ne, wancan suna kalma ce ta kowa da kowa, ma'anarta murya, ba sunan da wani ya yi shekaru yana ginawa da guminsa ba. Ga matakan da na bi da yaron nan a daren, kuma su nake bi da kaina.

Mataki na farko: san abin da ka sa wa hannu

Duk wanda ya yi rajistar .com, .net ko .org ya amince da wani tsari da ake kira UDRP, ko ya karanta ko bai karanta ba. Yana cikin dogon rubutun nan da muke danna "na yarda" a ƙasansa. Hukumar ICANN mai kula da sunayen intanet ce ta kafa shi a 1999. A cikinsa ka ɗauki alkawarin cewa a iya saninka sunan bai taɓa haƙƙin kowa ba, kuma nauyin bincika hakan a wuyanka yake.

Idan mai tambari, wato mai suna ko alamar da aka san kayansa da ita a kasuwa, ya ga sunansa a hannunka, ba sai ya zo Kebbi ba, ba sai ya je kotu ba. Zai kai ƙorafi ɗaya daga cikin cibiyoyin da aka amince da su. Mafi shahara ita ce ta hukumar WIPO mai kula da haƙƙin mallakar fasaha a duniya, da ke Jeniba a ƙasar Suwizalan, wadda ta karɓi ƙorafi sama da 6,000 a 2023 kaɗai. Kuɗin shigar da ƙorafi a kan suna ɗaya zuwa biyar, gaban alƙali ɗaya, dala 1,500 ne. Ka riƙe wannan adadi, domin shi ne ya sa babban kamfani ba ya jin tsoron farashinka: ya san hanyar karɓe sunan da ta fi biyan ka sauƙi.

Abu uku mai ƙorafi zai tabbatar, kuma sai ukun sun haɗu. Na ɗaya, sunan ya yi daidai da tambarinsa ko ya yi kama da shi har ya iya rikita mutane. Na biyu, ba ka da haƙƙi ko halattaccen dalilin riƙe sunan. Na uku, da mugun nufi ka yi rajistarsa kuma da mugun nufi kake amfani da shi. Misali na farko da tsarin ya kawo na mugun nufi shi ne a sayi suna da niyyar sayar wa mai tambarin, ko abokin gasarsa, a kan kuɗin da ya wuce abin da aka kashe. Wato ainihin shirin ɗan ƙanwata ke nan, harafi da harafi. Ƙorafin farko ma da aka yanke wa hukunci a ƙarƙashin tsarin, a Janairun 2000, haka ya kasance: wani ya yi rajistar worldwrestlingfederation.com, bayan kwana uku ya yi wa kamfanin kokawar tayin sayarwa, aka karɓe sunan aka ba su.

Wannan tsari ba ya cin tara, ba ya ɗauri. Iyakarsa a soke sunan ko a miƙa wa mai ƙorafi. Amma ana wallafa hukuncin a intanet da sunanka a jiki, ya zauna nan, gobe wani kamfanin ya ɗauko shi ya ce dama halinka ne.

Dokar gida ta fi zafi, kuma ita ce yaranmu ba su sani ba. Sashe na 25 na Dokar Hana Laifukan Intanet ta 2015 ya mayar da abin laifi. Wanda da gangan ya ɗauki suna, sunan kasuwanci, tambari ko domen na wani mutum, ko kamfani, ko gwamnatin tarayya, ta jiha ko ƙaramar hukuma, ba da izini ba, don ya shiga tsakanin mai abu da abinsa, hukuncinsa ɗaurin da bai wuce shekara 2 ba, ko tarar da ba ta wuce naira miliyan 5 ba, ko duka biyun. Sashen ya kuma ce wajen yanke hukunci kotu ta duba ko mutumin ya ƙi sakin sunan bayan an nema a hukumance, da ko ya nemi a biya shi kafin ya saki. Babbar Kotun Tarayya ce ke sauraron irin wannan, kuma akwai ta a Birnin Kebbi, akwai ta a Gusau. Sunayen .ng kuwa suna ƙarƙashin NiRA, ƙungiyar da aka kafa a 2005, ita ma tana da nata tsarin sasanta rikicin suna.

Akwai doka ta uku, ta Amurka, da aka yi a 1999. Ita tana ba kotu damar cin tarar dala 1,000 zuwa 100,000 a kan kowane suna. A 2008 wata kotu a can ta ci kamfanin OnlineNIC tarar dala miliyan 33.15 saboda sunaye 663 masu kama da na Verizon, dala 50,000 kowanne. Za ka ce ina ruwan mai zama a Argungu da kotun Amurka. Ruwansa shi ne Verisign a jihar Bajiniya yake, kuma dokar ta yarda a yi ƙarar sunan da kansa a inda rajistarsa take idan hannu bai kai ga mai shi ba.

Mataki na biyu: tambayi kanka daga ina darajar sunan ta fito

Kafin kowane bincike, ga tambayar da na yi wa yaron: a ce kamfanin nan ya rufe gobe, kowa ya manta da shi, sunan da ka saya zai ci gaba da daraja? Ya yi shiru, ya ce na albasa zai ci gaba, domin ko babu wani kamfani ana noman albasa a Aliero. Na shinkafar kuwa ya zama wofi. To, duk sunan da darajarsa ke mutuwa tare da wani kamfani, darajar ta kamfanin ce. Kai ka tsaya ne kawai a ƙofar gidan mutane kana karɓar kuɗin shiga.

Dabarun da ake koya wa juna don kauce wa wannan ba sa aiki, bari in faɗe su ɗaya bayan ɗaya don kada wani ya yaudare ka. Ƙara kalma kamar "kebbi", "ng", "arewa" ko "online" a jikin sunan MTN, Dangote ko Jaiz ba ya wanke shi, matuƙar ana gane tambarin a ciki. Sau da yawa ma ƙarin yakan ƙara rikita mutane, su ɗauka reshen kamfanin ne na jihar. Canza wutsiya daga .com zuwa .net ko .africa ba ya canza komai, domin alƙalan ba sa lissafa wutsiyar. Cire harafi, ko maimaita shi, ko musanya shi da maƙwabcinsa a allon rubutu ya fi duka muni, tunda ba wani dalili da zai sa mutum ya sayi kuskuren sunan banki sai don ya tare waɗanda yatsansu ya zame.

Akwai kuma wadda ta fi kama mu a nan. Ka ji a rediyo cewa wani kamfani zai kafa masana'anta a jihar, ko bankuna biyu za su haɗe su ɗauki sabon suna, sai ka yi wuf ka riga su. A ƙa'ida, wanda ya yi rajistar suna kafin tambari ya wanzu ba a cewa yana da mugun nufi. Amma alƙalan WIPO sun daɗe da ware wanda ya yi hakan don ya ji labari ko yana da ɗan leƙen asiri a ciki. Riga su da ka yi bayan sanarwa shaida ce a kanka.

Sunayen da nake ba mutum shawara ya nema su ne kalmomin kowa: amfanin gona, sana'o'i, kayan abinci, kalmomi gajeru masu daɗin faɗa. Shinkafa, kilishi, ɗinki, haya, taki, kifin Yauri. Da sunan gari a yi hattara. Haɗa sunan gari da sana'a abu ne da aka saba, amma sunan da zai sa a ɗauka shafin gwamnatin jiha ne, ko na masarauta, ko na masu shirya bikin kamun kifi na Argungu ko Uhola ta Zuru, ka bar shi. Ka tuna sashe na 25 ya ambaci gwamnatoci da bakinsa.

Mataki na uku: bincike kafin biya

Ba a cinikin biri a sama. Bincike huɗu nake yi, kuma ba ya cin fiye da awa ɗaya in ban da na Abuja.

Da farko rubuta kalmar a Google ita kaɗai, sannan ka haɗa ta da "Nigeria", sannan ka neme ta a Facebook da Instagram. Idan shafin farko ya cika da kamfani ɗaya, ka sami amsarka. Wannan binciken ya fi yadda ake zato muhimmanci, domin tsarin UDRP yana karɓar tambarin da ba a yi wa rajista ba idan mai shi ya nuna cewa jama'a sun san kayansa da sunan. A dokarmu ma ana iya ƙarar wanda ya fake da sunan wani ya yi kasuwanci ko da babu rajista.

Na biyu, shafin bincike na hukumar CAC mai rajistar kamfanoni, kyauta ne. A nan mutane ke yin kuskure iri biyu. Wasu suna ɗauka idan suna ba ya CAC to babu mai shi. Wasu kuma suna ɗauka idan suka ruga suka yi rajistar sunan kasuwanci a CAC sun sami garkuwa. Rajistar kamfani daban, rajistar tambari daban, ofisoshinsu ma daban. Takardar CAC da aka yanka jiya, babu shago, babu ciniki, babu rasiɗi, ba ta gamsar da alƙali cewa da sunan aka san ka.

Na uku, ofishin rajistar tambura da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Kasuwanci da Zuba Jari ta Tarayya a Abuja. Ana bi ta hannun lauya ko wakilin da ofishin ya amince da shi, a biya kuɗin bincike. Ba na yin wannan a kan sunan dala goma sha, amma duk sunan da zan zuba wa kuɗi mai nauyi sai na yi. Rajistar tambari a Najeriya shekara 7 take yi da farko, sannan a riƙa sabunta ta duk shekara 14. Kuma aji-aji ake yin ta, aji 45 ne a tsarin duniya: shinkafa tana aji na 30, ɗanyar albasa na 31, busasshen kifi na 29. Amfanin sanin ajin shi ne, kalma ɗaya tana iya zama tambarin wani a kaya kaza, ta kuma zama ta kowa a sauran wurare. A ce wani ya yi rajistar "tauraro" a kan taki. Bai mallaki kalmar a bakin Hausawa ba, amma ya mallake ta a buhun taki. Don tamburan ƙasashen waje, WIPO tana da rumbun bincike kyauta mai suna Global Brand Database. Ka duba shi, saboda tambarin da aka yi wa rajista a kowace ƙasa ya isa a buɗe ƙorafi da shi, ko da sauran sharuɗɗan biyu sai an tabbatar da su.

Na huɗu ya shafi sunan da ya taɓa zama a hannun wani, wanda za ka saya a gwanjo ko wanda wa'adinsa ya ƙare. Shiga Wayback Machine, rumbun da ke ajiye tsofaffin kwafin shafukan intanet, ka ga abin da aka taɓa ɗorawa a kansa, ka kuma nemi sunan a cikin hukunce-hukuncen WIPO. Idan .com ya ƙare ba a sabunta ba, yakan yi har kwana 45 na sassauci, sai kwana 30 na fansa, sai kwana 5 kafin a sake shi kasuwa. Sau da yawa kamfani yana raye, ma'aikacin da ke sabuntawa ne ya bar aiki ko katin biya ya mutu. Wanda ya tsinci irin wannan ya san yana da mai shi. Sannan ga abin da ya fi cutar da masu saye don sayarwa: a wurin alƙalan, ranar da sunan ya shigo hannunka ita ce ranar rajistarka. Ko da an fara rajistarsa a 2003, kafin kamfanin ya wanzu, idan kai ka saye shi bana bayan kamfanin ya shahara, tsufan sunan ba ya kare ka.

Kada ka ce ba ka sani ba zai fisshe ka. Alƙalan suna ɗora wa mai sana'ar tara sunaye nauyin bincike fiye da na mutumin da ya sayi guda ɗaya don shagonsa, kuma suna ɗaukar kauda kai da gangan kamar sani.

Mataki na huɗu: rajista da ajiye hujja

Yi rajista da sunanka na gaskiya da imel ɗin da kake buɗewa kullum. Bayanan ƙarya dalili ne na dakatar da suna, kuma ana lissafa su cikin alamun mugun nufi. Ta imel ɗin nan ne sanarwar ƙorafi za ta zo, don haka kada ka yi amfani da wanda ke rataye da layin wayar da ka daina sakawa.

A ranar da ka saya, buɗe fayil ka ajiye rasiɗi, hotunan allon binciken da ka yi masu ɗauke da kwanan wata, da layi biyu na dalilin da ya sa ka zaɓi sunan. Bayan shekara uku ba za ka tuna ba, kuma hujjar da aka haɗa bayan rikici ya taso ba ta da nauyin wadda ta riga shi.

Mataki na biyar: kula da abin da ke kan shafin

A nan masu suna mai tsabta suke ɓata shi. Kamfanonin rajista da yawa suna ɗora tallace-tallace a kan sunan da ba a gina komai a kansa ba, na'ura ce ke zaɓen tallar, wani lokaci ba ka ma san an ɗora ba. Idan sunanka "tauraro" ne, na'urar ta jera tallar taki, to ka shiga gonar mai tambarin, kuma alƙalan ba sa karɓar uzurin cewa ba kai ka zaɓa ba. Buɗe kowane suna naka lokaci-lokaci ka ga abin da baƙo ke gani. Ko dai ka kashe tallar, ko ka tabbatar ta tsaya a kan ma'anar kalmar ta asali.

Wani mutum a Amurka wanda sunan gidansu Nissan ne ya yi rajistar nissan.com a 1994 don kasuwancinsa na kwamfuta. Kamfanin motoci ya kai shi ƙara a 1999, aka yi shekaru ana shari'a, sunan ya zauna a hannunsa domin nasa ne na gaskiya. Inda kotu ta same shi da laifi shi ne tallace-tallacen da suka shafi motoci da ya ɗora a shafin.

Barin shafi fanko ma ba mafaka ba ce idan sunan na shahararren kamfani ne. Tun a 2000, a ƙorafin kamfanin sadarwa na Telstra na Ostireliya, aka yanke cewa riƙe irin wannan suna a ajiye kawai yana iya zama mugun nufi.

Masu shagon babura, famfon ban-ruwa ko wayoyi sukan tambaye ni ko za su iya sa sunan kayan da suke dillanci a adireshinsu. Akwai ƙofa, amma ƙarama ce. Tun wani hukunci na 2001 a kan tambarin Oki Data, ana duba ko da gaske kana sayar da kayan, ko su kaɗai kake sayarwa a shafin, ko ka bayyana ƙarara matsayinka da kamfanin, da ko ba ka kwashe duk sunayen da suka shafe shi ba. Wannan don mai shago ne da ke ciniki. Ba ta shafi wanda ya sayi sunan don ya sayar da shi ba. Ni dai nakan ce a nemi izinin kamfanin a rubuce.

Mataki na shida: sayarwa

Ka baje sunan a kasuwar da aka sani, irin Sedo ko Afternic, ko ka sa ɗan shafi mai cewa sunan na sayarwa ne da hanyar tuntuɓa. A bayanin talla ka yi maganar ma'anar kalmar da irin sana'ar da za ta dace da ita. Kada sunan wani kamfani ya fito, kada tambarinsa ko launinsa ya fito.

Kada ka fara tuntuɓar mai tambari. Idan kana son tallata sunan albasa, ka nemi dillalai da ƙungiyoyin manoma da masu fitar da kaya waje, mutanen da kalmar ta shafi sana'arsu. Kalmomi irin "kafin abokin gasarku ya riga ku" kuwa, ka ɗauka kamar ka sa hannu a takardar amsa laifi.

Idan su suka zo fa? Nan sai an natsu, domin wani lokaci mai tambayar farashi lauya ne da ke neman ka furta adadi. A 2004 labarin wani ɗalibi ɗan Kanada mai shekara 17 ya zaga duniya. Sunansa na yanka idan aka haɗa shi da "soft" yana sauti kamar Microsoft, ya yi rajistarsa. Lauyoyin kamfanin suka yi masa tayin dala 10, ransa ya ɓaci ya ce sai 10,000, suka riƙe wannan a matsayin shaidar cewa dama kuɗi yake nema. An sasanta daga baya, bayan jaridu sun ɗauki maganar, amma ba kowa ke samun wannan gata ba. Idan sunanka kalmar kowa ce, kuma fayil ɗinka na mataki na huɗu yana nan, tsadar farashi ita kaɗai ba laifi ba ce, ka faɗi kuɗinka. Idan kuwa akwai ɗigon shakka, kada ka rubuta adadi sai lauya ya gani.

Ka kuma san wa kake sayar wa. Wanda ba ma'aikacin banki ba, ya zo da zumuɗi zai sayi suna mai kama da na banki, me zai yi da shi in ban da aika wa mutane saƙon a sabunta BVN? Ranar da masu bincike suka bi sawu, sunanka ne a tarihin rajista. Akwai kuma masu zuwa da tayi mai tsoka su ce sai ka biya wani shafi kuɗin kimanta darajar sunan tukuna. Shafin nasu ne, da ka biya sun ɓace.

Kuɗi su bi ta hannun mai riƙon amana na kasuwar, su tabbata kafin ka ba da lambar sirrin canja suna. Tun kafin ka baje kaya ka tabbatar kasuwar tana iya turo kuɗi zuwa asusunka a Najeriya. Sabon .com kuma ba ya ƙaura zuwa wani kamfanin rajista sai ya cika kwana 60, ka sanar da mai saye.

Mataki na bakwai: idan takardar lauya ko ƙorafi ya iso

Kada ka yi shiru, kada ka yi zagi, kada ka ce a biya ka wahalarka. Kada kuma ka yi saurin tura sunan ga ƙaninka ko abokinka. Da zarar an shigar da ƙorafi, kamfanin rajista yana kulle sunan cikin kwanakin aiki biyu da samun buƙatar cibiyar, kuma guje-guje da suna kafin nan ƙarin shaida ne a kanka.

Kwana 20 kake da su ka ba da amsa, kana iya neman ƙarin kwana 4. Da harshen yarjejeniyar rajista ake shari'ar, wanda a wurinmu kusan kullum Turanci ne, kuma duk a rubuce ake yi. Ba ka biyan komai idan alƙali ɗaya ne. Idan kai ka nemi uku, kuɗin ya koma dala 4,000 a WIPO, ku raba biyu da mai ƙorafi. Nemi lauyan da ya san harkar tambura, ka kai masa fayil ɗinka. Abin da ke ceton mutum uku ne: ya nuna tun kafin rikici yana ciniki na gaskiya da sunan ko yana shirin yi, ko da sunan aka san shi, ko yana amfani da shi ta hanyar da ba ta neman kuɗi ba ta kuma yaudarar kowa. Masu riƙe da kalmomin kowa suna cin irin wannan shari'a, har akan rubuta a hukunci cewa kamfanin ne ya zo ƙwace da mugun nufi. Idan aka yanke a kanka, akwai kwanakin aiki 10 kafin a aiwatar, a cikinsu ne za ka iya garzayawa kotu.

Idan kuwa ka duba ka ga gaskiyarsu ce, ka saki. Ana iya dakatar da ƙorafi a sasanta kafin a naɗa alƙali, a miƙa sunan, babu hukuncin da zai fita da sunanka.

Wanda ya riga ya sayi suna mai matsala kuma ba a neme shi ba tukuna, kamar ɗan ƙanwata, hanyarsa gajera ce. A daren muka kashe tallar da ke kan sunayen biyu, muka kashe sabuntawa ta kai tsaye, muka rubuta wa kamfanin rajistar cewa a soke su. Wasu kamfanonin suna mayar da kuɗi idan ba a wuce kwana 5 da rajista ba. Nasa sun wuce, kuɗin sun tafi.

"To Kawu, in gaya ma masu shinkafar cewa sunan ya fita?"

Na ce ya iya, da layi biyu, ba tare da ambaton ko sisi ba, don su yi rajistarsa kafin wani ya ɗauka. Ya rubuta a gabana na karanta. Na kifin ya baje shi a kasuwa. Na albasar ya fasa sayarwa: yana da aboki a Aliero da ke turo masa farashin buhu ranar kasuwa, shi kuma yana ɗorawa a shafin da kwanan wata.